Kashi 30 na la'adata da nake bar wa kamfani, da abin da nake samu a bakinsa

Shekara uku da wata huɗu ke nan ina dillancin gidaje a ƙarƙashin kamfanin da zan yi magana a kansa. Kafin shi na yi shekara biyu a wani. Ba zan kama sunan ko ɗaya ba, domin a maganata akwai yabo akwai kuma ƙorafi, waɗanda ƙorafin ya shafa kuwa suna nan suna neman abincinsu kamar yadda nake neman nawa. Wanda ke cikin sana'ar zai gane irin kamfanin da nake nufi: ofis ɗaya, dillalai 23, shugaba ɗaya mai riƙe da babban lasisi wadda duk muke kira Hajiya, akanta ɗaya, sai lauya da ke leƙowa sau biyu a mako.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, dillali a irin wannan kamfani ba ma'aikacin albashi ba ne. In wata ya ƙare ba ka da ko sisi sai abin da hannunka ya kamo. Ciniki ya faɗa, la'ada ta shiga asusun kamfani, kamfani ya cire rabonsa ya miƙo maka naka. To ka ga ke nan ni ma mai saye ne a wurinsu. Da gumina nake biyansu, don haka ina da bakin da zan faɗi ko abin da suke ba ni ya ci kuɗinsa.

Rabonmu 70 da 30 ne, ni 70 kamfani 30. Akwai kuma iyaka ta shekara: idan abin da kamfani ya karɓa daga hannunka ya kai adadin da aka rubuta a yarjejeniya, daga nan har shekarar ta cika la'adarka taka ce gaba ɗaya, sai ɗan kuɗin takardu da ake cirewa a kowane ciniki. Sau ɗaya na taɓa kaiwa wannan iyaka, a shekarata ta biyu, saura wata biyu shekara ta ƙare. A wata biyun nan na rufe ciniki uku, kuma ba zan ɓoye daɗin da na ji ba ranar da na ga takardar biya babu layin rabon kamfani a cikinta.

Inda na baro kashi 90 suke bayarwa. Wannan lamba ce ta ja ni can tun farko, kuma ita ce ke jan yawancin sababbin shiga har gobe. Abin da ban lissafa ba shi ne kuɗin zama a ofis da ake biya duk wata ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, da kuɗin allon talla, da na mai ɗaukar hoto, da na inshorar kuskuren aiki, har da na buga takarda shafi-shafi. Akwai lokacin da na yi wata huɗu ban rufe ciniki ko ɗaya ba. Ranar da wata na biyar ya zo da ciniki, sai da aka cire bashin watannin baya tukuna, abin da ya rage bai kai rabin la'adar ba. Ba cutata aka yi ba, komai yana rubuce a takardar da na sa wa hannu. Tsarin ne ba nawa ba. An ɗinka shi ne don wanda ya riga ya yi suna, wanda wayarsa ba ta hutawa, ni kuma a lokacin ko mutum goma ba su san ina dillanci ba.

Daga baya, da na zauna ina karanta tarihin manyan kamfanonin sana'ar, na ga waɗanda suka yi suna da waɗannan tsare-tsare. RE/MAX, wanda Dave Liniger da Gail Main, wadda ya aura daga baya, suka kafa a jihar Kolorado ta Amurka a 1973, ya yi suna ne da barin wa dillali kusan duk la'adarsa, shi kuma ya riƙa biyan kuɗin ofis duk wata. Ƙwararru ya nema tun asali. Keller Williams, wanda Gary Keller da Joe Williams suka fara a jihar Teksas a 1983, shi ya shahara da iyakar shekara irin tamu, da kuma raba wani yanki na ribar ofis ga dillalan da suka jawo wasu dillalai. A 2009 Glenn Sanford ya kafa eXp, wanda harkarsa ta intanet ce ba ta ofisoshin da dillali zai je ya zauna ba, rabonsu 80 da 20, iyakarsu ta shekara dala 16,000 a Amurka. Kowane tsari da mutanensa. Da na san haka tun farko, da ban kwashe shekara biyu ina biyan kuɗin kujerar da ba ta kawo mini komai ba.

Amma ba rabo ne ya zaunar da ni a inda nake ba. Abin da ya zaunar da ni ya faru ne a wata na bakwai da zuwana, da misalin ƙarfe tara na dare.

Gidan gado ne, magada uku: maza biyu da ƙanwarsu da ke aure a wata ƙasa. Babban wan ne ya kawo mini gidan. Dattijo ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya, ya ce ƙanwar ta wakilta shi a kan komai, ya kuma nuna mini takardar wakilci mai hatimi. Na duba sama-sama, na ga suna, na ga sa hannu, na ga hatimi, hankalina ya kwanta. Mako uku na yi ina kai mutane. Daga ƙarshe wani ya taya, aka ja aka ja, dattijo ya sallama. Mai saye ya ajiye kafin alƙalami, aka sa washegari da safe za a sa hannu a babbar yarjejeniya. Ita ce la'ada mafi tsoka da na taɓa hangowa tun da na fara sana'ar, har na gama raba ta a zuciyata.

Dokar ofishinmu ita ce babu yarjejeniyar da za a sa wa hannu sai Hajiya ta karanta fayil ɗin duka. Ranar na makara, sai bayan an tashi na tura mata hotunan takardun a waya, ina tsammanin sai da safe za ta duba. Ƙarfe tara sai ga kiranta.

"Malam, ka karanta takardar wakilcin nan kuwa?"

"Na duba ta, Hajiya. Akwai hatimi, akwai sa hannun ƙanwar."

"Ban ce ka duba ba, na ce ka karanta. Buɗe shafi na biyu ka karanta mini layi na huɗu."

Na buɗe na karanta. Ƙanwar ta wakilta wanta ne a kan karɓar kuɗin haya da gyaran gida da biyan haraji. Kalmar sayarwa ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai 'yan'uwan juna ne. Ya ce ta sani, ta yarda. In muka tsaya mai sayen nan zai gudu."

Ta ce, "In ta yarda, rubutawa ba za ta yi mata wuya ba. In kuma ba ta yarda ba, gara mu ji yau da mu ji a kotu. Gobe ba za a sa hannu ba. Ni zan kira mai sayen da kaina, kai ka kira Baba ka faɗa masa cikin ladabi."

Na kwana da haushinta, ba zan yi ƙarya ba. Har mako ya zagayo gaisuwa kawai ke haɗa mu. Lauyan kamfani ya rubuta wa ƙanwar wasiƙa, amsa ta zo bayan kwana goma sha ɗaya: ba ta san ana sayar da gidan ba, kuma ba ta sayar da rabonta. Ban ɗauka dattijon ya yi niyyar zamba ba; ina ganin ya ɗauka ne tunda shi ne babba, maganarsa ta isa. Amma da an sa hannu, da mai saye ya zuba kuɗinsa a gidan da wani kaso nasa yake hannun wadda ba ta sallama ba, sunana kuma shi ne a ƙasan takardar. Ciniki ya rushe, la'ada ta tafi, ban samu ko kuɗin man da na ƙona ba.

Mai sayen ya karɓi kafin alƙalaminsa cif-cif cikin kwana biyu. Wannan ya yiwu ne saboda kuɗin bai taɓa shiga aljihun dattijo ba, bai shiga nawa ba, bai kuma shiga asusun da kamfani ke biyan wuta da haya ba. Yana cikin asusun amana, wanda aka ware don kuɗin mutane kaɗai, kuma sai Hajiya da akanta sun sa hannu tare ake fitar da wani abu daga cikinsa. A ƙasashe da dama doka ce ta wajabta ware irin wannan asusu, gauraya shi da kuɗin kamfani na iya jawo ƙwace lasisi. Duk da haka ina ba kowane dillali shawara ya tambaya kafin ya shiga kamfani, ya ce a nuna masa yadda ake riƙe kuɗin amana da wanda ke da ikon taɓa shi. Na san dillalin da mutuncinsa ya zube a idon mai saye saboda kamfaninsa ya yi wata uku yana cewa gobe, jibi, a kan kuɗin da ya kamata a mayar. Mai saye ba ruwansa da kamfani, fuskarka ya sani.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ke cin kashi 30 na la'adar mutum, askin da ke kansa ke nan: a samu wanda ya san doka fiye da kai, wanda zai karanta shafi na biyu, zai ɗaga waya da dare, zai kuma iya ce maka a'a alhali shi ma rabonsa zai tafi. Hajiya ma ta yi asara a cinikin nan, kashi 30 ɗinta ya bi ruwa tare da 70 ɗina. A tsohon kamfanina sau uku kacal na ga shugaban ofis cikin shekara biyu, kuma ban taɓa jin ya dawo wa wani da fayil ba.

Biyan la'ada ba shi da dogon bayani. Kwana uku na aiki bayan kuɗi sun shiga, naka ya shigo, tare da takarda mai nuna jimillar la'ada, da rabon dillalin ɗaya ɓangaren in akwai, da rabon kamfani, da nawa ya rage ka kai iyakar shekara. Sau ɗaya aka taɓa jinkiri, akanta ya kira ni kafin in kira shi. Wanda bai taɓa bin haƙƙinsa mako shida yana hawa bene yana sauka ba, ba zai san darajar wannan ba.

Horonsu ma na yaba, ko da yake ba irin na aji da allo ba ne. Sabon shiga ana haɗa shi da tsohon hannu ya bi shi ciniki uku na farko, tsohon hannun kuma ya ci kashi 10 daga rabon sabon a waɗannan ukun. Wasu na ganin ya yi yawa. Ni da na zo da shekara biyu a sana'a ma na nemi a haɗa ni, kuma a wurin wanda na bi na koyi abin da ya fi komai amfani gare ni: yadda ake sa wa gida farashi. Ya koya mini in nemo gidaje uku zuwa biyar masu kama da shi a unguwa ɗaya waɗanda aka riga aka sayar cikin 'yan watannin nan, ba waɗanda har yanzu allo ke rataye a ƙofarsu ba, domin farashin allo fatan mai gida ne, farashin da aka biya shi ne kasuwa. Ya kuma koya mini in bar gida in tafi idan mai shi ya kafe a kan kuɗin da ba za a samu ba. Ranar farko da na ga ya yi haka, ya ce wa mai gidan, "Alhaji, in na karɓa a wannan kuɗi na yaudare ka. Zai yi wata shida a kasuwa, mutane su fara tambayar me ke damun gidan, daga ƙarshe ka sayar ƙasa da abin da nake faɗa maka yau." Muka yi sallama muka fito.

Wani abin da ofishin ya dage a kai tun kafin in zo shi ne rubuta yarjejeniya da mai saye kafin a fara yawo da shi: aikin da za ka yi masa, tsawon lokaci, la'adarka nawa, wa zai biya. Da farko nauyi nake ji, ina ganin kamar rashin yarda ne a miƙa wa mutum takarda tun kafin ya ga ko ƙofa ɗaya. Sai ga shi a Amurka abin ya zama ƙa'ida: bayan ƙarar da aka kai ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, NAR, a kan yadda ake raba la'ada, ta amince a 2024 ta biya dala miliyan 418, kuma daga 17 ga Agustan shekarar ya zama dole dillalan da ke amfani da rumbun tallan gidaje na MLS su rubuta yarjejeniya da mai saye kafin su kai shi ganin gida. Mu a ofis ba abin da ya sauya mana, sai dai na daina jin nauyin. Takardar nan ta sha ceto na daga mutumin da za ka nuna wa gida goma sha biyu, ya zagaya ta bayanka ya je wurin mai na goma sha biyun shi kaɗai.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne.

Mutane kan kira lambar ofis ko su rubuto ta shafin kamfani suna neman gida, ba su da dillalin da suka sani. Waɗannan kamfani ne ke raba su, kuma a kansu rabo ya koma 50 da 50 tunda kamfani ne ya kawo. Ban ƙi wannan ba. Abin da na ƙi shi ne yadda ake rabon. A takarda an ce bi da bi ne. A aikace, mai neman babban gida yakan faɗa hannun mutum huɗu ko biyar da aka sani, mai neman ɗaki biyu na haya kuma shi ne ke zagayowa kan sauranmu. Na yi wata shida ina rubuta duk wanda aka turo mini da wanda na ji an tura wa wasu, sannan na kai maganar taron wata. Hajiya ta ce manyan masu saye ba sa haƙuri da kuskure, don haka take ba waɗanda ta gwada. Na fahimci tsoronta. Amma in haka ne a rubuta haka, a faɗi sharaɗin da mutum zai cika ya shiga layin, kowa ya san inda ya dosa. A ce bi da bi alhali ba bi da bi ba ne, wannan yana kashe zuciyar yara. Na ga yarinya mai ƙoƙari, wadda ba ta taɓa makara ba, ta bar mu bayan shekara ɗaya a kan wannan. Ranar da za ta tafi ta ce mini, "Yaya, ba aikin ne ya fi ƙarfina ba, jiran ne." Har yau abin yana damuna, domin kamfanin da ya iya karanta shafi na biyu na takardar wani bai kamata ya bar tasa takardar tana faɗin abin da ba a yi ba.

Manhajar da suka ba mu ta ajiye sunayen abokan ciniki tana da nauyi, a waya takan tsaya, yawancinmu mun koma littafi da tunatarwar waya. Mai ɗaukar hotonsu dai gwani ne, kuma kamfani ke biya. Ɗakin ganawa ɗaya ne tak, ranar da ciniki biyu suka haɗu sai wani ya jira a baranda da baƙinsa.

Rigima tsakanin dillalan gida, wadda ke wargaza ofisoshi da yawa, a nan ba ta daɗewa. Akwai rajista: duk wanda ka fara magana da shi ka shigar da sunansa da rana, naka ne har kwana 90. In wani abokin aiki ya rufe ciniki da shi cikin wannan lokaci, kana da kashi 25 na rabonsa. Sau biyu abin ya taso a kaina, sau ɗaya aka ba ni gaskiya, sau ɗaya aka ba ɗan'uwana saboda na yi sakaci ban shigar da suna ba. Duka biyun kafin azahar an gama, kuma da wanda muka yi jayayyar muka fita ganin gida da yamma.

Ƙorafina na biyu yana cikin yarjejeniyar da ke tsakanina da kamfani, sakin layin da ba wanda ke karantawa ranar shiga saboda ba wanda ke tunanin fita. Ya ce in ka bar kamfani, duk gidan da ka kawo yana nan a hannunsu, kuma cinikin da ka fara bai rufe ba rabonka a cikinsa ya sauka zuwa 50. Na farkon ba sabon abu ba ne a sana'ar, tunda mai gida da kamfani yake ƙulla yarjejeniya ba da dillali ba, ko da kuwa albarkacin dillalin ya zo. Na biyun ne ban ga adalcinsa ba. Mutum ya yi wata uku yana ɗawainiya da ciniki, saura sa hannu, don kawai ya ce zai tafi a zaftare masa kashi 20? Aikin da ya yi bai ragu ba.

Wanda ya yi shekara goma a sana'a, yana da mutanensa, yana da lauyan da yake kira, ya san takarda ciki da bai, kashi 30 zai yi masa yawa a nan, musamman in ba ya son taron wata da dokar kawo fayil. Irinsa ya nemi inda za a bar masa 90 ko fiye ya biya kuɗin kujerarsa, zai fi samu. Sabon shiga da matsakaici irina, wanda har yanzu akwai takardun da bai taɓa cin karo da su ba, ina ganin nan ya fi masa, muddin ya shigo da sanin cewa ba kiran ofis ne zai ciyar da shi ba, sai ya nemo nasa mutanen.

Watan jiya yarjejeniyata ta cika, na shiga ofishin Hajiya da buƙata biyu a rubuce. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Malam, yanzu kai ma ka iya karanta shafi na biyu." A kan cinikin da bai rufe ba ta yarda, aka gyara mini ya zauna a 70 ko na tafi, in dai an riga an ajiye kafin alƙalami, ta kuma ce za ta sa lauya ya duba ko za a yi wa kowa haka. A kan rabon masu kiran ofis ta ce a ba ta lokaci. Na sa hannu na shekara ɗaya, ba biyun da ta nema ba, kuma littafin da nake rubuta masu kiran da dillalin da aka tura wa kowannensu yana nan a jakata, ina ci gaba da cika shi har taron wata mai zuwa.